Wayoyin wutar tsohon injin jirgina sun ruɓe, in yi musu faci ko in sake su gaba ɗaya?

Matuƙi_Yauri:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar masu sani nake nema. Ina da injin jirgin ruwa Yamaha Enduro mai doki 40, na jan igiya, wanda na gada a wurin ƙanen mahaifina. Injin ya kwana biyu, amma fistin da giya duk lafiyarsu ƙalau. Matsalata wuta ce. In na tayar da shi a bakin gaɓa yana silo lafiya lau, amma da na murɗa totur ya kai rabi sai ya fara tari, wani lokaci fistin ɗaya ya ɗauke, wani lokaci ya mutu ɗungurungum. Na sake fulogi, na wanke kabureta, duk a banza. Jiya na cire murfi na taɓa wayoyin da ke fitowa daga ƙarƙashin filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji, sai robar jikinsu ta riƙa marmashewa a hannuna kamar busasshen ƙanzo. A wasu wuraren ga jan ƙarfen nan tsirara, har ya yi baƙi. Ban da haka, in hannuna da danshi na danna maɓallin kashewa, sai in ji wuta ta ɗan ja ni. Wani ya ce in naɗe su da salatif in ci gaba da harkata, wani ya ce sai dai in sayi koyil da CDI, wato akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, sabbi fil, kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Da jirgin nan nake ɗaukar mutane da buhunan hatsi ranar kasuwa. Mene ne abin yi?

ƊanAcabanKoko:
Wa alaikumus salam. Oga salatif mai kyau ka samu ka naɗe kowace waya daban. Haka muke yi wa mashin, kuma yana tafiya.

BakanikenMalale:
@ƊanAcabanKoko, mashin in ya mutu sai ka sauka ka tura shi gindin bishiya. Jirgi in ya mutu a tsakiyar Kainji da iska ta taso, ina za ka tura shi? Kuma salatif ba ya zama a cikin murfin injin jirgi. Tururin fetur da mai da zafi suna narkar da gam ɗin jikinsa, ya saki ya warware, wani lokaci ma filawil ya fizge shi ya tafi da wayar.

Malam Matuƙi, bayanin da ka yi ya riga ya nuna inda ciwon yake. A irin waɗannan tsofaffin injuna, farantin da koyil suke zaune a kai, can ƙarƙashin filawil, ba a daskare yake ba. Duk lokacin da ka murɗa totur, akwai ɗan sanda da ke juya farantin nan don wuta ta riƙa zuwa da wuri gwargwadon gudun inji. To wayoyin da ke fitowa daga jikinsa su ma suna lanƙwasa tare da shi, ka ƙara wuta su lanƙwasa, ka rage su dawo, shekara da shekaru. A daidai wannan gwiwar suke fara mutuwa. Roba ta tsage, silin jan ƙarfen ciki su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. A silo wayar na kwance yadda ta saba, wuta na wucewa. Da faranti ya juya zuwa rabi sai tsagar ta buɗe, ko wayar da ta yi tsirara ta taɓa jikin inji, wuta ta bi jiki ta gudu. Shi ya sa kake ganin kullum a wuri ɗaya na totur yake yi maka.

Kada ka sayi CDI tukuna. Sau da yawa akwatin nan lafiyarsa lau, wayar da ke kai masa wuta ce ta mutu.

Issoufou_Gaya:
Gaskiya ne maganar bakanike. Amma kafin ka kwance komai, yi gwajin da ba ya cin ko dala. A Yamaha farar waya ita ce ta kashe inji, tana tasowa daga akwatin CDI zuwa maɓallin da ke hannun tuƙi, baƙa kuma ta koma jikin inji. Zare farar daga mahaɗinta ka rufe bakinta, ka fita kusa da gaɓa ka gwada. In tarin ya daina, to laifin na wayar kashewa ne ko maɓallin kansa, ruwa ya shige shi. Wutar da ka ce tana jan ka ita ta sa na kawo wannan. Wayar nan ba ƙaramar wuta ke bin ta ba, tana iya wuce bolt 100. Ka tuna dai in ka zare ta, maɓalli ba zai kashe inji ba, sai ka ja cok ko ka cire tiyon mai ka jira ya shanye.

Sannan in za ka duba wuta, kada ka ja igiya da wayar buji, wato fulogi, tana lilo a iska. Ko dai buji na jikinta kuma yana manne da ƙarfen inji, ko ka bari. Wutar da ba ta sami hanyar fita ba tana komawa ta cinye bobin, wato koyil, ko akwatin.

Zango_Yeji:
A yi hattara da zancen launi. Fara ta Yamaha ce. Mu nan bakin tafkin Volta injuna iri-iri ake kawowa. A Johnson da Evinrude da Mercury wayar kashewa baƙa ce mai ratsin rawaya. A Tohatsu ruwan ƙasa ce, alhali a Yamaha ruwan ƙasar nan daga koyil ɗin caji, mai ba akwatin CDI wuta, take fitowa. Na ga yaron da ya koyi aiki a kan iri ɗaya, aka kawo masa wani iri ya bi launin da ya sani, ya jona wayar kashewa da batir. Ko minti ba a yi ba akwatin ya tafi. Wayar kashewa ba ta son bolt 12 ko na ƙiftawar ido, aikinta kawai ta taɓa jikin inji wuta ta ɗauke.

Matuƙi_Yauri:
Na gode ƙwarai. @Issoufou_Gaya na zare farar da safen nan na gwada a bakin ruwa. Jan da yake yi mini ya daina, amma tarin na nan daram a rabin totur. Sai na sa yarona ya riƙe tuƙi a silo, na ɗauki busasshen kara na ɗan tura damin wayoyin daga gefe, nan take inji ya yi kamar zai mutu. Ke nan matsala biyu ce?

BakanikenMalale:
Biyu ce, kuma tushensu ɗaya, tsufa. Wayar kashewa ka sake ta tun daga akwati har maɓalli, wannan ba wuya. Babban aikin na ƙarƙashin filawil ne, kuma ba makawa sai an cire shi. A nan ne ake ɓarna.

Filawil ba a cire shi da guduma, ba a kuma sa masa fula mai ƙafa uku da ke kama baki. A samansa akwai ramukan noti, nan ake ɗaura fula ta ja shi daga tsakiya. Notocin fular ma kada ka zurma su can ciki, don in suka zarce za su huda koyil da ke ƙasa. Ka sassauta babban notin amma ka bar shi a bakin sandar don ya kare zaren, kuma don filawil kada ya yi tsalle in ya saki. Duka da guduma yana iya fasa maganaɗisun da ke ciki ko ya raunana shi, yana kuma cutar da boris ɗin karanshaf.

In ya fita, duba ɗan ƙaramin ki mai siffar rabin wata da ke cikin tsagar sandar. Shi ke riƙe tayimin, wato saitin lokacin da wuta ke zuwa fulogi. In ya ɗan goce ko ya yi tabo, sake shi. Lokacin mayarwa ka goge sandar da ramin filawil su bushe ƙarau, babu giris, babu mai, ka ɗaure notin da ƙarfin da littafin injin ya faɗa. In ya yi sako-sako ki zai yanke, inji ya riƙa fizge igiya daga hannunka ko ya ƙi tashi sam.

Kafin ka yanke ko waya ɗaya, ɗauki hoto ta kowane gefe. Ba launi kaɗai za ka ɗauka ba, har hanyar da damin ya bi da inda ƙarfe ya danne shi. Kuma kada ka taɓa notocin sandar tayimin, ka bar su yadda ka same su.

Rewaya_Kontagora:
Ni ba na aikin jirgi, mota nake yi, amma waya waya ce. Yadda zan yi shi ne: ɗaya bayan ɗaya. Ka yanke tsohuwa, ka jona sabuwa, ka gama da ita, sannan ka taɓa ta gaba. In ka yanke su duka lokaci guda, ga launi ya koɗe, sai ka rasa wacce ce wacce. Ka bi tsohuwar kana feƙewa har ka kai inda jan ƙarfen yake ja yana ƙyalli. Wanda ya yi baƙi ba ya kama dalma, ko ya kama ƙarya ce. In baƙin ya shiga har gindin koyil, ka bar ɗan guntu kamar gaɓar yatsa, ka baza silin ka goge da sandifefa mai laushi har su yi haske, sannan ka murɗe su da sabuwa ka zuba dalma. Ka fara zura tiyon nan mai tsukewa in ya ji zafi kafin ka haɗa, in ka samu mai gam a ciki ya fi, don shi ke hana danshi shiga.

Injiniya_Jebba:
@Rewaya_Kontagora ban yarda da dalma a wannan wurin ba. Dalma in ta narke tana bin silin waya ta shige ciki, sai wurin ya sandare ya zama ƙarfe guda. Inda taurin ya ƙare, nan girgiza za ta taru, nan kuma za ta karye. Injin jirgi mai fistin biyu girgizarsa ta fi ta mota nesa ba kusa ba. Ƙa'idar masu haɗa wayar jiragen ruwa a Amurka ma cewa ta yi kada dalma ta zama ita kaɗai ke riƙe da mahaɗi. Matsewa da ɗan bututun ƙarfe ita ce hanya, sai a rufe da tiyo.

Rewaya_Kontagora:
Yallaɓai, da wace filaya zai matse? Ta matsewa ta gaskiya ba kowa ke da ita ba. Abin da za a yi a bakin ruwa shi ne a sa filayar gida a lauye bututun, ka ja wayar da yatsa biyu ta zare. Dalma mai kyau ta fi matsi marar kyau sau goma. Kuma a ƙarƙashin filawil ina wurin da bututu zai zauna?

BakanikenMalale:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, wuri ne ya bambanta. A kan faranti, kusa da gindin koyil, dalma nake zubawa, don wurin matsattse ne kuma kamfani ma haka ya yi a wasu. Amma sharaɗin shi ne mahaɗin ya kwanta a kan faranti, ƙarfen dannewa ya riƙe wayar a gabansa, yadda mahaɗin ba zai taɓa motsi ba. Gwiwar da ke lanƙwasa kuwa, daga faranti zuwa jikin inji, dole ta zama waya ɗaya miƙaƙƙiya, babu dalma, babu bututu, babu ƙulli. Wanda ya yi faci a daidai gwiwar nan, ko da zinariya ya haɗa, zai sake cire filawil kafin ruwa ya janye.

Sai tsawo. In ta yi gajarta za ta ɗame a cikakken totur ta tsinke, in ta yi tsawo filawil zai goge ta. Kafin ka mayar da filawil, murɗa totur daga silo zuwa ƙarshe kana kallon damin, ka ga ba ya ɗamewa, ba ya gogar komai, kuma ba ya riƙe farantin.

Injiniya_Jebba:
Wannan na yarda. Amma a can waje wajen akwatin CDI ina nan kan bakana, a sa kawunan jonawa irin na asali masu rigar roba, don gobe in ana son gwaji a zare a mayar ba sai an yanke ba.

Matuƙi_Yauri:
To wace irin waya zan nema? Akwai wani mai shagon sola a nan da ya ce tasa ta fi kowacce, wai ba ta tsatsa.

Injiniya_Jebba:
Bai yi ƙarya ba ta gefe ɗaya. Wayar sola ta gaskiya jan ƙarfe ce da aka shafe kowane sili da kuza, kuma irin wannan shafin ake so a jirgi. Amma ta yi kauri, yawanci milimita 4 ko 6 ce, rigarta biyu, ba ta lanƙwasa. Za ta hana farantinka juyawa. Kai milimita 1 zuwa 1.5 kake so, mai sili da yawa ƙanana, mai laushi, wadda rigarta ke jure zafi. In ka ga an rubuta 105 a jikinta, ma'aunin zafin da take ɗauka ke nan. Wayar gida mai sili ɗaya kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Rewaya_Kontagora:
Ga hanya mai sauƙi. Je wurin masu yanka motoci, ko ka aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, a yanko maka damin wayar injin motar Japan, na ɓangaren inji ba na cikin gida ba. An yi ta don zafi da mai, jan ƙarfe ce zalla, ga launi kala-kala, za ka sami ruwan ƙasa da shuɗi da fari mai ratsi. Ka dai lanƙwasa ta ka gani, in ta tsage ka bar musu.

Sabuwar nadi da ake sayarwa a shaguna ku yi hankali. Da yawa alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe. Kankare sili ɗaya da wuƙa, in cikin fari ne ka ajiye. Ko ka kunna mata ashana, ta jabu tana lanƙwashewa ta zube nan da nan, ta gaske sai dai ta yi ja. A danshin jirgi ta jabun gari take zama.

HajiyarKifi:
Ni ban san waya ba, kifi nake saye a ƙetare in kawo kasuwa, rabin rayuwata a cikin jirgi nake yin ta. Roƙona ga matuƙa ɗaya ne. Don Allah in kun san injinku na da ciwo, ku daina lodin mutane kuna cewa Allah zai kai mu. An taɓa tsayar da mu a tsakiyar ruwa da yamma, inji ya mutu, matuƙi ya buɗe murfi yana murɗa waya da haƙori, ga jarkokin fetur a ƙafafunmu, ga mata da goyo, jirgi na juyawa yana ba igiyar ruwa gefe. Filafili ɗaya tak ne a jirgin. Ƙanena Matuƙi_Yauri, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya, amma ka ajiye lodin kasuwa har ka gama.

Matuƙi_Yauri:
Amin Hajiya. Jirgin na ɗaure, wannan makon a jirgin maƙwabcina nake kai kayan mutanena.

Issoufou_Gaya:
Maganar Hajiya ta tuna mini. Da yawa in maɓallin kashewa ya lalace sai su yanke wayar su bar ta, su riƙa kashe inji da cok, ko su bar bakin wayar tsirara suna goga ta a jikin inji. Ƙyastu ke nan a wurin da tururin esansi, wato fetur, yake taruwa. Kuma igiyar nan ja da ake ɗaurawa a hannu, wadda in matuƙi ya faɗa ruwa take fizge maɓalli inji ya mutu, ita ma a kan wayar nan take aiki. Ka yanke ta, ka faɗa ruwa, jirgi ya yi ta zagaye da farfela a kanka.

TsohonBaga:
'Ya'yana, ina karanta ku ina murmushi. Mu da muka fara da Johnson da Evinrude a tafkin Chadi ba mu san wani akwati ba. Kwantak ne da kwandensa a ƙarƙashin filawil. In wuta ta yi rauni ka goge bakin kwantak, ka saita buɗewarsa rabin milimita, ka ci gaba. Ciwon waɗancan injuna shi ne rigar koyil, tana tsagewa da tsufa, wuta ta riƙa tsalle zuwa faranti. Wayar fulogi kuwa a kan wani ɗan tsinke take soke a jikin koyil, ka zare tsohuwa ka soka sabuwa, shi ke nan. Farantin nan mai juyawa da bakanike yake faɗa, su ma suna da shi, kuma a gwiwar nan suke cin waya. Ciwon tsoho ne, ba yau ya fara ba.

Zango_Yeji:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ai kamfanin da ke yin su ya karye tun 2000, Bombardier ta Kanada ta saye sunayen a 2001, a 2020 kuma aka daina ƙera Evinrude gaba ɗaya. Wanda ke da shi yanzu sau da yawa sai ya yi ta cin gawar wani injin. Shi ya sa kowa ya koma Yamaha, ko a ƙauye ka sami kayanta.

TsohonBaga:
Ka sami kayanta, ko ka sami mai kama da kayanta? A da in ka sayi abu ka san abin da ka saya.

SarkinJirgi_Ibi:
Baba ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ra'ayina ya saɓa da na yawancinku. Injin da wayarsa ta marmashe, koyil ɗin da ke maƙale da wayar shekarunsu ɗaya, zafi ɗaya suka sha. Ka ɓata yini kana dalma, bayan wata biyu koyil ya mutu, ka sake cire filawil. In da hali a sayi faranti sukutum da koyil da damin wayarsa, ko na gwanjo ne daga injin da ƙafarsa ta lalace. A Binuwai haka muke yi wa jiragen haya, don ranar da jirgi bai fita ba asarar ta fi kuɗin kayan.

BakanikenMalale:
Sarki, na gwanjon ma ai tsoho ne, sai ka dace. Sabo na asali kuma ka ji kuɗinsa. Na arhan da ke cika kasuwa na sha cire su da hannuna, wani ko damina ɗaya ba ya yi. Ni tsohon koyil na asali da mita ta ce lafiyarsa lau, rigarsa ba ta tsage ba, ba ta kumbura ba, ba ta ƙamshin ƙuna, na fi yarda da shi. A auna shi mana. Kowane koyil da adadin da littafi ya ba shi, kuma lambar injin na nan a ɗan farantin da ke jikin maƙalar da ake ɗaura shi a jirgi, da ita ake neman littafin da ya dace. Sa mita a kan wayoyin, ka riƙa murɗa totur kana kallo. In lamba na rawa, waya ce. In ta tsaya cak a inda ya kamata, koyil ya wuce gwajin farko. Sai ka auna tsakanin wayar da jikin inji ka ga ko akwai inda take satar hanya.

ƊanAcabanKoko:
To ba za a iya kai koyil ɗin wurin masu naɗin janareta ba?

Injiniya_Jebba:
Na fitila, mai korayen wayoyi, za su iya, don zarensa da kauri kuma naɗin ba yawa. Na caji kuwa zarensa ya kusa gashin kai, naɗi dubbai. In aka rage naɗi wuta ba za ta isa a jan igiya ba, in aka yi sako-sako girgiza ta cinye shi. Akwai masu hannu da ke yi, amma ba kowane mai naɗi ba.

Lagdo_Pecheur:
Ba wanda ya yi maganar ɓera. Mu nan lokacin da aka rufe kamun kifi injuna na jingine a ɗaki wata da watanni, ɓera ya shiga ta ramin iska ya yi gida a ƙarƙashin murfi. In ka ga roba ta ɓace amma gefen da ya rage da laushi, haƙori ne, ba tsufa ba. Wannan kam faci ya isa.

Matuƙi_Yauri:
Nawa ba ɓera ba ne, ko'ina ka taɓa zuba yake yi.

Wata tambayar: manyan wayoyin fulogi fa? Su ma sun yi tauri. Rewayan unguwarmu ya ce zai yanko mini na mota.

Zango_Yeji:
Kada ka yarda sai ka ga cikinta. Yawancin na mota babu ƙarfe a ciki, wani baƙin zare ne mai rage ƙarfin wuta. Injin jirgi irin naka mai jan ƙarfe a ciki yake so, irin ta mashin ko janareta. In hular fulogin mai R ce, ita ma tana da nata abin ragewa, kusan om 5,000, to ka haɗa da wayar mota ka ga an rage wuta sau biyu. Sannan duba gindin wayar a jikin koyil. Wasu ana murɗe su a cire, wasu an zuba su tare da koyil ba sa fita. In irin ta biyun ce kuma wayar ta tsage a tsakiya, koyil za ka sake. In bakin ne kawai ya ci, murɗe hular ta fita, yanke kamar santimita 1, ka mayar.

Issoufou_Gaya:
In kana son ganin inda take zuba, tayar da shi da dare ba murfi, ka tsaya gefe. Za ka ga shuɗin ƙyalli na tsalle daga waya zuwa jiki. Amma ka tabbata babu ɗigon mai ko kaɗan, kuma babbar riga da rawani su yi nesa da filawil.

Matuƙi_Yauri:
Jama'a ga labari. Na sami aron fula, filawil ya fita lafiya, ki bai taɓu ba. Wayar ruwan ƙasa a daidai gwiwar da Malam Bakanike ya faɗa, sili uku kacal suka rage a cikinta. Mun cire dukan wayoyin faranti muka sa na injin mota a madadinsu, dalma a ciki, kawunan jonawa a waje, muka zura damin cikin tiyo, muka sake robar da ke bakin ramin da suke fitowa. Wayar kashewa da maɓalli sabbi. Baƙar wayar da ke ɗaure a jikin inji ma na goge mazauninta har ya yi fari. Ja ɗaya ya tashi, kuma ya wuce rabin totur ba tari, har ƙarshe. Sai dai bayan na yi tafiya mai ɗan nisa inji ya ɗau zafi, na ji fistin ɗaya ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. Da na cire fulogi, na ƙasa ne a jiƙe.

SarkinJirgi_Ibi:
Me na ce? Koyil ne. Da sanyi yana aiki, in ya ji zafi zaren ciki ya buɗe. Mita ba ta kama irin wannan a bakin gaɓa.

BakanikenMalale:
Yana iya zama, amma kada a yanke hukunci da ka. In naka mai koyil ɗin fulogi biyu ne, sauya musu wuri, na sama ya koma ƙasa da wayarsa da hularsa, na ƙasa ya hau sama, ka jona kowanne da ƙaramar wayar fistin ɗin da ya koma. In jiƙewar ta bi shi sama, ka kama ɓarawo, kuma wannan koyil na waje ne, ba sai an taɓa filawil ba. In ta tsaya a ƙasa, sai mu duba wani wurin.

Injiniya_Jebba:
Jiƙewar da me? In fetur ne zalla, ku duba fatar famfon mai. A injuna da yawa daga ɗakin fistin na ƙasa famfon ke samun bugunsa, in fatar ta huje sai mai ya riƙa zuba kai tsaye can ciki ya shaƙe fulogin. In kuwa ka ga ɗigon ruwa ko fulogin ya yi fes kamar an wanke, wannan zancen gasket ne ko sil na ƙasa, ba ruwan wuta a ciki.

TsohonBaga:
Kuma nawa kake zuba baƙin mai? Yaran yanzu da ido suke awo.

Matuƙi_Yauri:
Baba rabin lita nake sa wa lita 25. Injiniya, warin fetur yake yi, ban ga ruwa ba. Gobe in Allah ya kai mu zan sauya koyil ɗin wuri in fita ba lodi, in kuma kwance famfon in ɗaga fatar a rana in gani. Wanda ya san inda ake samun fatar famfo ta asali tsakanin Yauri da Kontagora ya taimaka mini.

Rewaya_Kontagora:
A nan kam ban taɓa ganin mai sayar da ita ba. Tambayi direbobin da ke zuwa Onitsha, ka ba su tsohuwar su tafi da ita a gwada.